Yaron da Ake Kira Daƙiƙi

 

A wannan fitowa ina so in ja hankalinmu ga wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidaje da ajujuwa, wato laƙaba wa yaro sunan wulaƙanci. Wanda hadda ta yi wa nauyi a ce masa daƙiƙi ko jaki, mai in'ina a riƙa kwaikwayonsa, mai ɗingishi a manta da sunansa na yanka. A ganina ɓarnar wannan ta fi ta bulala, domin zafin bulala kan wuce kafin magariba, shi kuwa mugun suna yakan bi mutum har furfura. Zan kawo binciken wani likita Bature a kan wannan, sa'annan mu auna shi da ma'aunin addininmu.

Sunan likitan Alfred Adler. An haife shi a 1870 a wajen birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ya tashi da ciwon laushin ƙashi, bai yi tafiya da wuri ba, yana zaune yana kallon yayansa na guje-guje. Yana kamar shekara biyar ciwon huhu ya kusa kashe shi, daga nan ya ƙudurta sai ya zama likita. A makaranta kuma lissafi ya gagare shi, har ana ba da labarin cewa malaminsa ya shawarci mahaifinsa ya cire shi ya kai shi koyon ɗinkin takalma. Uban ya ƙi. Yaro ya dage har ya zama gwanin lissafi a ajin, kuma a 1895 ya fito likita daga Jami'ar Biyana.

A 1902 ya shiga zaman da Sigmund Freud yake yi da wasu likitoci kowace Laraba, suna nazarin cututtukan tunani da halayyar ɗan Adam. Shi Freud ya ɗora kusan komai a kan sha'awar jiki. Adler bai gamsu ba, suka raba gari a 1911. Abin da shi ya gani ke nan: kowane ɗan Adam yana zuwa duniya da rauni, ƙarami a tsakiyar manya, komai sai an yi masa. Saboda haka jin kasawa ɗabi'a ce ta kowa, kuma ita ce ke ingiza yaro ya koyi tafiya, ya koyi magana, ya nemi gwaninta. Har a littafin da ya fitar a 1907 ya nuna yadda mai rauni a wata gaɓa kan ninka ƙoƙari har ya cike giɓin.

To ina matsalar take? Tana zuwa ne idan aka yi ta danna wa yaro wannan rauni har ya yanke ƙauna. A nan sai jin kasawa ya rikiɗe ya zama cutar raina kai. Wani yakan koma bayan aji ya yi tsit, a tambaye shi abin da ya sani ma ya kasa buɗe baki, gobe ya ce kansa na ciwo don kada ya zo muraja'a. Wani kuma yakan rufe ciwon da cika baki da cin zalin ƙanana. Adler ya lura cewa sau da yawa girman kai mayafi ne da mai jin ƙasƙanci yake lulluɓa da shi. Ka ga ke nan yaron da ya addabi aji da wanda ba a jin motsinsa, mai yiwuwa ciwonsu ɗaya.

Ya kuma ambaci yara iri uku da suka fi shiga haɗari: mai larurar jiki, wanda aka yi watsi da shi, da wanda aka shagwaɓa. Iyaye mata, a lura da na ukun nan. Shalelen da ba a bari ya ɗauki ko buta, ranar da ya shiga aji ya tarar ba shi kaɗai ake kallo ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Maganin da ya kawo shi ne abin da ya fi jan hankalina. Ya ce lafiyar zuciya tana tare da mutum ya ji cewa shi ɗan jama'a ne, yana da gurbi a cikinsu, kuma yana da abin da yake amfanar da su da shi. Da wannan yake auna mutum a manyan fagage uku na rayuwa: sana'a, zama da mutane, da aure. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya yi aikin likitan soja a cikinsa, shi da almajiransa suka buɗe wuraren ba da shawara kan tarbiyya wajen 30 a Biyana, inda malami da iyaye da likita suke zama su duba matsalar yaro tare. Gwamnatin ƙasar ta rufe su a 1934. Shi kuwa ya koma Amurka, ya rasu a 1937 a garin Abadin na Sikotilan, yana zagayen ba da lacca.

Ba duk abin da ya faɗa za mu haɗiye ba. Ya ba da muhimmanci ga jerin haihuwa, cewa ɗan fari da na tsakiya da auta kowa da irin halinsa. Wani babban bincike da aka buga a 2015, wanda ya duba mutum fiye da 20,000 a Amurka da Birtaniya da Jamus, bai sami wani tasiri na kirki na jerin haihuwa a kan hali ba. Sa'annan shi ba Musulmi ba ne, ma'auninsa ya tsaya ga amfanin jama'a a duniya, mu kuwa muna hidima ga jama'a ne don neman yardar Allah.

Amma a batun wulaƙanta mai rauni, ai mun riga shi da ƙarnoni. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zama ladani, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha bar masa riƙon Madina idan zai fita. Da aka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud, Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai irin nauyin da ƙafafun nan suke da shi a mizani. Ata'u ɗan Abi Rabah kuma, duk da gurguntaka da makantar da ta same shi daga baya, shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Duba fa, ba tausayi kawai aka nuna musu ba, aiki aka damƙa musu.

Wani zai ce, Malam, ai kunyatarwa ce ke sa yaro ya zabura. Gaskiya ne wani yakan zabura. To sauran fa, waɗanda suka ajiye littafi suka daina zuwa, wa ya ƙirga su? Gyara wajibi ne, amma a tsawata a kan aikin da aka ɓata, a bar mutuncin yaron. Akwai bambanci tsakanin "ba ka yi tilawa jiya ba" da "kai ba za ka taɓa iyawa ba".

Don haka ga shawarata. 'Yan'uwana malamai, mu binne sunayen banza, mu ba yaron baya wani aiki da aji zai dogara da shi a kai: shimfiɗa tabarmi, riƙon alli, kiran sallar La'asar, ko biya wa ƙaramin aji Fatiha. Iyaye, a daina cewa "dubi ƙaninka ya wuce ka". A auna yaro da inda yake jiya, in aya biyu ya ƙara a sa masa albarka. Ku kuma ɗalibai, wanda Allah Ya ba kaifin hadda ya ja na kusa da shi, ya sani baiwa ce, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai da ake yi wa dariya, kada ka ajiye karatu, sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu daga karya zukatan amanar da aka ba mu, amin.