Makaɗin Da Ba Shi Da Fada, Wa Zai Riƙe Shi?

Duk ɗan Arewa da ya taɓa biyo mota daga Sakkwato ko Argungu ko Birnin Kabi zuwa Kurmi ya san Kontagora, ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. In mota ta baro Jega, ta wuce Koko da Yawuri, sai ta tsaya nan a yi salla a ci abinci, kana a kama hanyar Mokwa da gadar Jabba har Ilori, daga can sai Badun da Ikko. Nan hanyar Zuru da Rijau ta faɗo, nan kuma ta Tegina ta rabu ta nufi Minna da Birnin Gwari. Garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa cikin ƙarni na 19 ya zama zangon direbobi da fataken shanu da na goro. Inda kuwa direba da bafatake suka yada zango da 'yan kuɗi a aljihu, to makaɗi ba ya nisa da wurin.

Ba kowane makaɗi ake nufi ba. A ƙasar Hausa akwai makaɗin fada, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi, da Aliyu Ɗandawo da ya zauna a Yawuri, maƙwabciyar Kontagora. Wannan ci da sha da sutura da doki duk suna wuyan ubangidansa, shi kuma bakinsa na ubangidan ne, ba ya yabon wani sai da izini. Sa'an nan akwai wanda ba shi da fada, ba shi da albashi, ba shi da kowa sai Allah sai jama'a: mai kukuma, mai goge, mai gurmi, mai kalangu, mai kuntigi, da mata masu kiɗan ƙwarya. Irin wannan hanya ce gonarsa. Da an gama kaka, kuɗi sun shiga hannun manoma, an fara ɗaure-ɗauren aure, sai ya ɗauki kayansa da yaransa ya bi gari gari, har tafiya ta kai shi Sabon Badun da Shagamu da Agege, inda 'yan'uwansa masu kewar gida ke jiransa.

Mai kallo ba ya ganin kome sai babbar riga da hula da kuɗin da ake liƙawa a goshi. Bai ga yadda aka zo ba. An zo ne a bayan lori, bisa buhunan albasa ko kan katakon da aka gitta a saman shanu, an rungume kalangu kamar jinjiri don kada raɓa ta taɓa fatarsa. In mota ta lalace a dajin da ke tsakanin Kontagora da Mokwa, nan za a kwana, wani lokaci kwana biyu, ana jiran karen mota ya dawo da ƙarfen da ya karye. Abinci shayi da burodi ne, in an yi sa'a a sami tuwon tasha. In an sauka Kurmi kuma ciki ya koyi teba da amala ko yana so ko ba ya so. Masauki kuwa zauren Sarkin Hausawa ne ko shagon wani mahauci, mutum shida a tabarma biyu. Ran da aka shirya wasa ruwa ya sauko, ko aka yi rasuwa a unguwa, shi ke nan, an tashi a tutar babu, kuma ga kuɗin motar komawa. Da yawa sun jinginar da rigar wasa kafin su ga gida.

To, me ya sa suka jure? Domin wanda mutum dubu suka ba shi sule-sule ya fi wanda mutum ɗaya ya ba doki sakin baki. In ya ɓata wa ɗaya rai, saura ɗari tara da casa'in da tara suna nan. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ɗan makaɗin sarki ne, amma bai gaji fada ba. Ya ɗauki kuntigi, watau gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak, ya fara da yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba wanda ya taɓa ganin ya isa a ambace shi. Daga baya ya taɓo auren dole da gulma da halin mai akwai da mai babu, iyaye da attajirai suna ji suna tsaki, 'ya'yansu da barorinsu suna ƙara murɗa rediyo. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, ya yi wa sarakuna da yawa waƙa, amma babu sarkin da zai ce Shata nasa ne shi kaɗai, kuma direba da ɗan kasuwa da soja duk sun sami rabonsu a bakinsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, da ƙwarya da 'yan amshinta, ta gaya wa matan kulle su kama sana'a tun ba a fara shirya taron ƙara wa juna sani a kan maganar ba.

Abin dariya, Turawa ma sun yi irin wannan, suka ɗauka sabon abu ne. Cikin 1976 wasu samarin Ingila suka fito da kiɗan da suke kira pank, ba su damu da gwaninta ba, su dai su faɗi abin da ke ransu. Wata ƙungiyarsu mai suna Sex Pistols ta shirya zagaya ƙasar a watan Disamba na shekarar, sai hukumomin garuruwa da masu gidajen wasa suka soke mafi yawan wasannin saboda ashar ɗin da suka yi a talabijin, suka yi ta yawo cikin bas ba wurin sauka. Wata kuma, Buzzcocks ta birnin Mancesta, ta ranci kuɗi wurin dangi da abokai ta buga faifanta da kanta a Janairun 1977, ba ta jira kamfani ba. An rubuta littattafai jibgi a kan waɗannan yara. Mai kukumar da ya yi shekara talatin yana zirga-zirga tsakanin Yawuri da Idi-Araba kuwa ko hotonsa ba a ajiye ba.

Kada mai karatu ya ce ana mai da maroƙa waliyyai. Akwai wanda in ka hana shi zai bi ka da zambo har ka biya don ka tsira da mutuncinka. An yi Gambu da ya shahara da waƙar ɓarayi, ko da yake daga baya ya bar ta. Akwai kuma zaluncin cikin gida, wanda ba a cika faɗa ba: in an zube kuɗi bayan wasa, maigida ya kwashe kaso mai tsoka, makaɗa da 'yan amshi da sanƙira su raba ragowar, alhali su suka fi shan rana da ciwon hannu. Mutane nawa suka san sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu kalangun da suka tsufa a bayan manyan mawaƙa? Duk da haka sana'a ce da ta ci da gidaje, ta kuma bar wa talaka wata ƙofa da zai ji an faɗi damuwarsa da babbar murya.

Wannan ƙofa ita ke rufewa. Kaset ya fara cin ta: tun cikin shekarun 1980 mai shago zai sayi ɗaya ya kwafi ɗari, mai waƙa bai ga kobo ba, dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba ta iso tasha ba, sabuwar da aka sa wa hannu a 2023 ma har yanzu mai gurmi bai ji ɗuriyarta ba. Wayar hannu ta zo ta ƙarasa, yau waƙa ɗari biyar ake tura wa mutum a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Bayan shekarar 2000, da jihohin Arewa da dama har da Neja suka koma bin Shari'a, an rufe yawancin gidajen da ake wasan dare, kuma ba a tanadi wani fili a madadinsu ba. Amma babbar musiba ita ce hanya. A 2021 kaɗai 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu, a Tegina cikin Mayu, a Birnin Yawuri cikin Yuni, duk kuwa a kewayen Kontagora. Wane makaɗi zai ɗebi mutum takwas ya bi dare a irin wannan daji don wasan da bai san abin da zai samu ba? Ga kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023.

Da jama'a suka janye hannu, mai saye ɗaya ya rage a kasuwa, shi ne ɗan siyasa. Ba laifi ba ne mawaƙi ya yi wa jam'iyya waƙa, an yi tun zamanin NEPU da NPC, Shata kansa ya yi siyasa. Abin takaici shi ne yaro mai murya a Kontagora ko Rijau yau ba ya hangen wata hanyar ci sai ya sami wani mai neman kujera ya ba shi mota. Ya koma makaɗin fada ke nan, fadar da ba ta wuce shekara huɗu ko takwas, kuma ba a jin matsalar hanya ko ta tsadar taki a bakinsa sai ran da maigidansa ya faɗi zaɓe.

A nan ne 'yan Arewa mazauna Kurmi suke da abin yi, domin tun asali aljihunsu ne ya riƙe wannan sana'a. Mahauta da dillalan shanu da 'yan goro da masu kayan gwari na Mile 12 suna kashe kuɗi masu yawa a biki da suna da naɗin sarauta, amma sai a ɗauko yaro da na'ura da manyan lasifikoki ya kunna muryar matattu har asuba, masu rai suna can gida suna noman ƙodago. In ƙungiyar mahautan Agege ko Sarkin Hausawan Shagamu za su gayyato mai kalangu ko mai kukuma sau biyu a shekara, bayan ƙaramar salla da bayan babba, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a yi shi da tsari. A yanke lada tun kafin ya baro gida, a aika masa kuɗin mota zuwa da komawa, a bar shi ya yi tafiyar rana ya kwana Kontagora ko Mokwa, kada a matsa masa ya bi dare. A ware na makaɗa da 'yan amshi a damƙa musu hannu da hannu a gaban kowa. Kyauta kuma a zuba a faranti, gama sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana liƙi da watsa naira, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla N50,000 ko duka biyun, kuma an ɗaure mutane a kansa a Ikko cikin 2024. Baƙon da ya zo da kalangu daga nesa shi ne zai fi kowa sauƙin kamawa.

Saura tsofaffin da ƙafa ta riga ta gaza. Akwai babbar makarantar horon malamai ta Tarayya a Kontagora, cike da ɗalibai masu waya a hannu. In 'yan asalin masarautar da ke Ikko da Badun suka haɗa kuɗin mota da na goro, ɗaliban nan za su iya bin tsofaffin makaɗa gida gida cikin hutu ɗaya, su ɗauki muryarsu, su rubuta garuruwan da suka bi da gidajen da suka sauka da sunayen yaran da suka yi musu amshi, a ba kowane tsoho ladansa kafin a kunna na'ura.