Tsohuwar Karo da Masu Gudun Tarihi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ƙasar Karaye da Rogo, har a bakin waɗanda suka yi karatu. In aka ce ga wani malami ya zo daga jami'a yana tambayar tsofaffi labarin rinji da bayi, da waɗanda aka kama aka sayar, sai a taɓe baki a ce, "Wannan ai tonon silili ne. Abin da ya wuce a bar shi ya wuce." In kuwa malamin ya matsa, sai a nuna masa hanyar fada, a ce can tarihi ya ke, maroƙa su jero masa sarakuna tun daga na fari. Wannan magana kuskure ce, kuskuren kuwa ya riga ya jawo wa ƙasar hasara mai yawa.

Ga shaida daga cikin gida. Wajen shekarar 1877 aka haifi wata yarinya a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, cikin ƙasar Rogo ta yanzu, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da Zazzau da Katsina. Kakanninta Barebari ne da suka taso daga Barno. Ba 'yar sarki ba ce, ba ta kuwa taɓa shiga makarantar boko ba. Baba a ke ce da ita. Sa'ad da ta tsufa tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, sai wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita a ƙarshen 1949 da farkon 1950, Baba na faɗi da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951. A 1954 aka buga labarin nan nata da Turanci a birnin London, aka sa masa suna Baba of Karo, watau Baba mutuniyar Karo.

Me tsohuwar ta faɗa? Ba ta jero sarakuna ba. Ta faɗi yadda gidansu ya mallaki bayi, da yadda bayin su ke zaune a rinji suna noma gandun ubangijinsu, suna kuma noma 'yan gayaunansu. Ta faɗi yadda mahara su ke faɗa wa ƙauyuka su kwashe mata da yara, da yadda dangi su ke tara wuri su bi sawu su fanshi nasu. Ta faɗi zuwan Turawa, da yadda bayi da yawa suka watse bayansa. Ta faɗi aure da kishi da ƙawance da bori da suna, ɗaya bayan ɗaya, ba ta rufe ba, ba ta yi ado ba. An yi shekaru fiye da sittin ana karanta littafin nan a jami'o'in Ingila da Amurka, duk mai son sanin zaman matan Hausa kafin Turawa ba shi da makawa sai ya bi ta kansa. To, mai karatu ya gwada. Ya tara samarin Zarewa goma waɗanda suka gama makaranta, ya tambaye su ko wace ce Baba ta Karo, ya ga nawa za su amsa.

Da an bi shawarar masu cewa a bar abin da ya wuce, da duk wannan ya bi Baba kabari. Mata nawa ne sa'o'inta a Karaye da Rogo da Fulatan da Zoza, waɗanda suka ga abin da ta gani, wataƙila ma suka fi ta gani, suka mutu ba wanda ya ɗauki alƙalami? Ɗaya tak aka tsamo, ita ma baƙuwa ce ta tsamo ta.

Mijin Baturiyar nan, M. G. Smith, wanda ya rubuta tarihin sarautar Zazzau da Daura da Kano, haifaffen Jamaika ne, wani tsibiri can hayin teku wanda galibin mutanensa jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. A can ba a ɗauki labarin bayi abin kunya ba, fanni ne na ilimi da ya ke da malamai da littattafai. Masu binciken fannin sun bi takardun jiragen ruwa sun ƙidaya, suka sami an loda mutum wajen miliyan 12 da rabi daga gaɓar Afirka, waɗanda suka sauka da rai ba su kai miliyan 11 ba. Ƙasar Barazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5.

A cikin waɗannan akwai Hausawa, ba kaɗan ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun zuba kamammu a kasuwa, aka riƙa miƙa su hannu da hannu ta Nufe da ƙasar Yarabawa har bakin teku, a Ikko da Badagari da tashoshin yamma da su. Yawancinsu a lardin Bahiya na Barazil aka sauke su, wurin gonakin rake. Ba su kwanta ba. A 1807 hukuma ta tono shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a birnin Salbado. A 1814 suka tashi da makamai, takardun shari'a na lokacin kuwa suna kiran jagoransu da wani laƙabi da masana suka gane kalmar malam ce ta sauya a bakin Turawan Fotugal. A cikin watan azumi, daren 24 ga Janairu 1835, Musulmin birnin suka yi babban tawayen da aka fi sani, galibinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci, suna nan ajiye a gidan adana takardu na Bahiya. Wani masani ɗan ƙasar, João José Reis, ya bi takardun nan ya rubuta littafi a kansu a 1986. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da garinsu, yana da uwa da ta yi kuka ranar da ya ɓace. Can an rubuta ƙarshen labarinsu. Farkonsa yana nan ƙasar Hausa, a bakin tsofaffi, inda a ke cewa kada a tona.

Kada kuwa a ce tun da baƙi suna yin aikin, sai a bar musu. Baƙo abin da ya dame shi shi ya ke tambaya. Wani jakadan Faransa a Bahiya mai suna Castelnau ya tara bayi, da yawansu Hausawa, ya yi musu tambayoyi, ya buga littafi a 1851. Sun faɗa masa garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, abin da masana ke amfani da shi har yanzu. Amma abin da shi jakadan ya fi ƙwallafa rai a kansa, har ya sa shi a sunan littafin, shi ne ko gaskiya ne akwai mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka! Ga malamai da manoma da aka raba da iyalansu zaune gabansa, shi kuwa wutsiya ya ke nema. Mary Smith ta fi shi hankali nesa ba kusa ba, amma ita ma bakin 'yar masu rinji ta ji. Bayin da suka noma gandun Karo ba wanda ya tambaye su. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Masu nuna hanyar fada ba a ce ba su da abin nunawa ba. Tarihin Kano da ya faro daga Bagauda dukiya ce. Sai dai jerin sarakuna yana faɗin wanda ya ci yaƙi, ba ya faɗin inda kamammun suka ƙare. Haka kuma ba ya faɗin labarin waɗanda suka tafi da ƙafarsu: fataken goro da suka zauna a zangunan Gwanja, da mahajjatan da suka tsaya a Sudan ba su komo ba, da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu.

Sauran hujja guda, ita ce mai nauyi. Har yanzu a wajen neman aure akan binciki asali, kalmar bawa kuwa tana iya rushe maganar da aka yi wata shida ana ƙullawa. Wanda ya ji tsoron kada bincike ya tozarta jikokin wani, tsoronsa yana da dalili. Amma shirun da aka yi bai kashe gorin ba. Turawa sun shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 kuma doka ta soke bauta ɗungum a Arewa, ga shi kusan shekara 90 ana shiru, ana kuma raɗa. Gori a cikin duhu ya ke ƙiba. Wanda ya san yadda a ke zama bawa a zamanin da, watau ka fita gona da safe mahara su yi awon gaba da kai, ko kai malami ne ko ɗan sarki, zai yi wuya ya sake ɗaga hanci. Binciken nan kuma ba Turawa suka fara shi ba. Tun wajen 1615 Shehu Ahmadu Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa a kan wanda ya halatta a bautar, ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a sayar da mutanensu ba. Shi bai ce tonon silili ba ne.

Saboda haka aikin ya faɗo kan waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Su ne suka iya rubutu, su ne kuma tsofaffi za su sake da su, gama jikokinsu ne, ba baƙi ba. Lokaci kuwa ya ƙure. Waɗanda suka ga bauta da idonsu sun ƙare, saura waɗanda suka ji daga bakinsu. Madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992 ta ci gonaki da matsugunai a ƙasar Karaye, waɗanda suka san abin da ke ƙarƙashin ruwan nan suna raguwa kowace damina. Abin da a ke bukata littafin rubutu ne da alƙalami. A rubuta ranar da aka yi hirar, da garin, da kimanin shekarun mai magana, da wanda shi ya ji daga bakinsa. A rubuta maganar kamar yadda ta fito, kada a gyara Hausar tsohuwa don ta yi kama da ta rediyo. A tambayi gidan masu rinji, a tambayi gidan waɗanda suka noma shi. Inda sunan gida zai jawo gori, a sakaya shi, a bar labarin. In littafin ya cika a kwafe shi, a ajiye ɗaya a gida, a kai ɗaya Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero, ko Arewa House a Kaduna.