Hoton Kaka a Inuwar Dogon Yaro

Mai karatu, ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta lalata hotunan iyalai da dama a Maiduguri. In kaka na raye, a sake ɗaukarta. Wayarka ma ta isa.

Amma ban da tsakar rana. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, tsoho kuwa da saurin galabaita, ga runtse ido. Bari sai bayan la'asar, ka zaunar da ita bakin inuwar dogon yaron nan na GRA, fuskarta na kallon fili. Lura da hasken da ke ratso ganye, yakan sa fuska dabbare-dabbare. Kashe filashi, ajiye ruwan sha kusa, ka ƙyale jikoki su tsokane ta har ta dara.