Gyara Kayanka: Yadda Ake Cire Datti da Tabo a Jikin Jita

A wannan wata za mu yi magana ne a kan jita, wato irin ta katako wadda ba ta bukatar lantarki, irin wadda Koo Nimo na Kumasi da marigayi Ali Farka Toure na Mali suka yi suna da ita. Samarinmu da yawa a zango suna sayen ta hannu, wasu kuma aro suke yi daga makaranta ko wajen aboki. Sau da yawa jitar takan zo da dattin zufa, da shatin yatsu, da danƙon sitika. Sai yaro ya ɗauko abin da ya samu a gida ya hau gogewa, garin neman gira ya rasa ido.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, fentin nan mai sheƙi da ke jikin jita ba iri ɗaya ba ne. Yawancin masu araha an shafe su da fenti mai tauri kamar roba, wanda ake kira foliyuretan, shi kuwa yana da juriya. Amma masu tsada da yawa, irin na kamfanin Gibson da na Martin, wanda aka kafa a Amurka a 1833, fentinsu naitiroselulos ne, siriri mai saurin narkewa. Akwai kuma shelak, wanda ake shafa wa wasu jitocin hannu irin na Sifen. Tun da ido ba ya iya bambance su kullum, mu ɗauka kowace jita mai raunin ce.

Don haka mu nisanta waɗannan abubuwa daga jikinta: ruwan goge jan farce, da sifirit, da turare, da ruwan tsinka fenti, da sabulun wanki na gari. Sifirit yana narkar da shelak nan take, ruwan goge farce kuwa yana cinye naitiroselulos. Haka ma man sauro da muke shafawa a hannu, wanda ke ɗauke da sinadarin DEET, yana sa fenti ya yi laushi ya riƙa kama hannu. Man goge kujeru mai silikon yana sa ƙyalli na kwana biyu, amma yana hana sabon fenti kamawa ranar da za a yi gyara.

To, yaya za a yi? A fara da kakkaɓe ƙura da tsumman auduga mai laushi, busasshe, domin ƙurar hunturu tana karce fenti idan aka murza ta. Sannan a hura wa wurin tururin baki a goge a hankali. Idan dattin ya ƙi fita, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi mai ɗigon sabulun wanke kwanuka, a matse shi sosai, a goge, a bi da busasshe nan da nan. Kada ruwa ya shiga ramin jita ko wata tsaga.

Danƙon sitika kuwa, kada a kankare shi da reza ko wuƙa. A ɗaga gefen takardar da farce a ja sannu sannu. Abin da ya rage a cire shi da ɗigon man laita, wato nafta, a jikin tsumma, bayan an gwada shi a wani lungu da ido ba ya gani. Man nan yana kama wuta, saboda haka a yi aikin a fili, nesa da murhu da fitila.

Akwai tabon da ba na tsumma ba ne. Karce mai zurfi, da farin dishi-dishi da laima ke bari a cikin fenti, da tsagar katako, duk aikin mai gyara ne. Wanda ya zuba mai a tsaga ya hana gam kamawa, ya kuma ninka wa kansa kuɗin gyara.

Rigakafi dai ya fi magani. A wanke hannu kafin a taɓa tsirkiya, a goge jita bayan kowane kiɗi, a mayar da ita jakarta nesa da rana. Masu ƙera ta sun ce laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari ta fi dacewa da ita, hunturunmu kuwa yakan sauka ƙasa da haka sosai. Mu malamai da iyaye mu tuna wa yara cewa kayan aro amana ne, a mayar da shi yadda aka karɓo shi.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.