Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Masarautar Gumel: A Ji Ta Bakin Matan Da Rikici Ya Koro

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka. Iyayen ƙasa na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ranku ya daɗe.

Ƙasar da ke bakin iyakar Nijar, ga kasuwar Maigatari tana ci duk Alhamis, ba ta rabuwa da baƙi. Wanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno ko Yobe, in ya iso, zauren mai unguwa ne masaukinsa na farko. Roƙona shi ne, in an ji ta bakin maigida a zaure, a tura mace ta ji ta bakin uwargida, domin ba abu ɗaya suka gani ba.

Namiji zai ba ku labarin kisa, irin wanda aka yi wa ɗalibai maza a Buni Yadi a 2014, da tilasta wa samari ɗaukar bindiga. Mace za ta fara da sace 'yan matan Chibok da Dapchi da auren dole. Amma akwai maganar da ba ta faɗuwa a gaban maza. Rahoton ƙungiyar International Crisis Group na 2016 ya nuna wasu matan da ƙafarsu suka bi Boko Haram, saboda a can ana danƙa wa amarya sadakinta a hannu, ana koyar da ita karatun addini, ba ta wahalar gona. Wannan ya kamata ya hana mu barci. Sadaki da ilimi haƙƙoƙi ne da Musulunci ya riga ya ba ta. Mu muka danne su, 'yan ta'adda suka mayar da su tarko.

Wadda ta kuɓuto kuma, sai ta tarar a wasu garuruwan Borno ana kiran irinta “annoba”, ana ƙyamar ɗan da ta goyo. Macen da aka yi wa haka, wa za ta gaya wa in ta ga an fara hure wa ɗanta kunne?

Ina roƙon hakimai su sa malamai mata na Islamiyya da 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da ungozomomi cikin duk zaman da za a yi kan baƙi da tsaro. Limamai su taɓo sadaki da karatun 'ya mace a huɗubar Juma'a. Dagatai kuma su tsawata wa duk mai kiran baƙuwa “matar Boko Haram”, su tabbatar an ɗauki 'ya'yanta a makaranta ko da takardunsu sun ƙone a garinsu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Naku mai biyayya,
Wani talakan masarauta