Ku Auna Gorarku Kafin Mai Saye Ya Zo

'Yan'uwa manoma, babu mai kai buhun gero kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu bai san tiya nawa ke ciki ba. In ya je haka, dillali ne zai faɗa masa, dillali kuwa cikinsa yake yi wa awo. To, ga wata sabuwar kasuwa ta buɗe a duniya, wadda abin da ake saye a cikinta ba a ganinsa da ido. Ra'ayina shi ne, kowace ƙungiyar gama kai da ke da gora a bakin rafi ko a gindin dutse, daga Birnin Kudu har Gwaram, ta koyi auna gorarta da kanta tun kafin wani ya zo da takarda yana neman sa hannu.

Bari mu fara da abin da ake sayen. Hayaƙin motoci da masana'antu da ƙunar daji yana cika sama da wata iska mai riƙe zafin rana, ana ce da ita iskar kabon. Ganyen kowane tsiro yana zuƙar wannan iska, ya mai da ita itace da saiwa. Baƙin nan na gawayi, yawancinsa kabon ne. A shekarar 2015 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Faris ta Faransa domin rage wannan iska, Nijeriya kuma ta kafa dokarta ta sauyin yanayi a 2021. Akwai kamfanonin da ke biyan masu shuka itatuwa bisa ga yawan iskar da itatuwan suka zuƙe. Idon mutane ya koma kan gora domin saurin girmanta. Tohon gora yakan kai iyakar tsawonsa cikin damina ɗaya, ba ya kuwa ƙara kauri bayan haka, sai dai ya yi ta ƙwari har shekara 3 ko 4.

Akwai ƙungiyar duniya ta gora mai suna INBAR, wadda aka kafa a 1997, tana da mazauni a birnin Beijin na ƙasar Sin, Nijeriya kuma tana ciki. An yi aikin awon gora da yawa a Sin. Amma ku lura, babbar gorar da suka fi nomawa tana da rami a ciki, saiwarta kuma tana gudu a ƙarƙashin ƙasa, sanda a nan, sanda a can. Tamu ta ƙasar Hausa, irin wadda ta cika gangaren yammacin Habasha, a dunƙule take fitowa gindi gindi, sandarta kuwa cikakkiya ce ko mai ɗan ƙaramin rami. Saboda haka lissafin da aka tsara domin gorar Sin ba zai faɗi gaskiyar nauyin tamu ba. Wanda ya zo da lissafin wata ƙasa cikin jaka, sai a tambaye shi a kan wace gora aka yi shi.

Aikin awon bai fi ƙarfinku ba. Abin da ake bukata shi ne tef na tela, da sikeli na rataye, da adda, da fenti kaɗan, da littafin ƙungiya. A yi shi bayan kaka, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi.

Da fari, a ƙidaya gindin gora duka. Sa'an nan a zaɓi gindi 10, manya da ƙanana da matsakaita. Kada a zaɓi masu kyau kaɗai, gama wanda ya yi haka kansa ya ruɗa. A kowane gindi a ƙidaya sanduna masu rai, a auna kewayen kowace sanda daidai ƙirji, watau mita 1.3 daga ƙasa, a tsakanin gaɓa da gaɓa. Bayan haka a sare sanduna kamar 15, sirara da kaurara. A auna nauyin sanda dabam, rassa dabam, ganye dabam, tun suna ɗanye. A yanko ɗan guntu daga gindi da tsakiya da kai, a auna, a shanya, a riƙa aunawa kowane mako har nauyin ya daina raguwa. Ko a lokacin hunturu akan sami ɗan sauran laima a ciki, sai a cire kamar kashi 1 cikin 10. Abin da ya rage shi ne busasshen nauyi, shi ne kuma tushen dukan lissafin.

Masana sun daidaita a kan cewa wajen kashi 47 cikin 100 na busasshen nauyin itace kabon ne, kowane kilo 1 na kabon kuma ya fito ne daga kilo 3.67 na iskar. Ga misali. A ce ƙungiya tana da gindi 50, kowanne da sanda 30, watau sanda 1,500. A ce awo ya nuna busasshen nauyin kowace sanda da rassanta kilo 4 ne. Jimla kilo 6,000 ke nan. Kabon da ke ciki kilo 2,820, iskar da aka zuƙe kuwa ta ɗan haura tan 10. Wannan na saman ƙasa ne kaɗai, ban da saiwa, wadda ita ma tana riƙe da rabo mai yawa.

Yanzu sai a dubi kuɗin da idon basira. A kasuwar da kamfanoni ke saye don ra'ayin kansu, sau da yawa tan ɗaya ba ya kai dalar Amurka 10. Ba a biya kuma domin gorar da Allah ya riga ya tsirar, sai domin ƙarin da aka samu ta wurin sabuwar shuka da kiyayewa. Daga ɗan abin nan za a cire ladan masu zuwa bincike da na 'yan tsakiya. Yarjejeniyar kuwa takan ɗaure ƙasa shekara 20 ko 30 ko fiye. Mutum yana iya sa hannu yau, ɗansa ya girma ya tarar ba shi da ikon saran gorar jinkar ɗakinsa. Har ila yau gora takan yi fure bayan shekaru masu yawa, ta zub da 'ya'ya, gindin ya bushe. Gobarar daji ma tana iya cinye ta dare ɗaya. In haka ya faru, wa zai ɗauki hasarar? Lalle a sami amsar wannan a rubuce kafin a dangwala yatsa.

Wani zai ce, in kuɗin kaɗan ne, ina amfanin wahalar awo? Amfaninsa na fari namu ne na gida. Littafin zai nuna ko gorarku tana ƙaruwa ko tana ƙarewa. In kuka shafa wa tohon kowace shekara fenti mai launi dabam, za ku san wadda ta kai shekara 3, ita kaɗai za ku sare, ku bar 'yan baya su ciyar da saiwa. Da haka za ku sami ta jinka da ta shinge da ta sayarwa kowace shekara, gindin yana nan. Duk wanda ya ga ɓarnar ambaliyar 2022 a Jigawa ya san darajar saiwar da ke riƙe gaɓar rafi. Amfani na biyu shi ne, gindi 50 ba ya jan hankalin mai saye na kirki, amma ƙungiyoyi 20 masu littafi iri ɗaya na shekara 5 suna iya zama su yi ciniki da murya ɗaya.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana a taronsu na gaba. A zaɓi mutum biyu masu iya lissafi, a haɗa da mata da matasa, gama su suka fi sanin inda ake sara. A nemi malamin gona na JARDA ko malaman daji na Jami'ar Tarayya ta Dutse su duba lissafin. Littafin kuwa ya zauna a hannun magatakardan ƙungiya. Wanda ya zo saye, a ba shi ruwa ya sha, a saurare shi da ladabi, sa'an nan a buɗe masa littafi.