Kama Da Wane Ba Ta Wane

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ƙarya da ta yi gindi a tsakaninmu, wai duk wanda ya mallaki na'urar ɗaukar siffa ya gama da matsalar kayan gyara: a haska tsohon ƙarfe, kwamfuta ta haifi sabo. Mu dai ba mu yarda ba.

Abin da na'urar ke bayarwa raga ce kawai, dubban alwatika manne da juna. Tsarin STL da ake ajiye ta a ciki, wanda kamfanin 3D Systems ya fitar a 1987, bai san da'ira ba, bai ma san ko awon inci ne ko milimita ba. Ramin ƙusa a wurinsa tarin kusurwoyi ne. Danna maɓalli a FreeCAD zai iya mai da ragar dunƙulallen jiki, amma kowace alwatika sai ta zama fuska mai zaman kanta. Wa zai faɗaɗa rami a irin wannan kwamacala?

Abin takaici kuma, ƙarfen da aka haska ya riga ya cinye. Wanda ya kwafe shi yadda yake, lalacewar ya kwafa. Aikin injiniya shi ne ya tambayi ƙarfen nufin maƙerinsa na farko. In rami ya nuna milimita 20.3, shin ashirin aka yi nufi, sauran gugar shekaru ce? Sai ya daidaita shimfiɗa da silinda bisa ragar, ya sake gina lanƙwasa da lissafin da su Pierre Bézier suka raya a Faransa, ya gwada sabon zane da tsohuwar siffa, sannan ya ajiye a tsarin STEP.

Tarihi shaida ne. Da Tarayyar Sobiyet ta kwaikwayi jirgin Amurka B-29, ta tashi nata Tu-4 a 1947, sai da injiniyoyinta suka yi ta fama da mai da awon inci zuwa milimita, domin masana'antunsu ba sa yin faranti mai kaurin na Amurka. Ashe kwaikwayo ma sai da ilimi!

Makeran Panteka a Kaduna sun daɗe suna ƙera kayan gyara da ido da ma'auni. Ba abin kunya ba ne a ce mu masu takardar digiri ba mu iya ba su sahihin zane?

Don haka muna kira ga hukumomin jami'o'inmu: kafin a sayo na'urar nuna wa baƙi, a koya mana awo da lissafin siffofi. Kada a yaye ɗalibin injiniya sai ya ɗauki mataccen famfo, ya zana abin da ya karye, an ƙera, ruwa ya zubo. In ba haka ba, injinanmu za su ci gaba da tsatsa, mu kuwa muna bakin teku muna jiran jirgin ruwa.